Kakar da Na Samu a Ƙasar Ƙanƙara

Shekara huɗu na yi ban buɗe baki na faɗa wa kowa abin da na gani a hanyarmu ta fita daga Mubi ba. Maigidana kansa iyakar abin da ya sani shi ne mun tsira. Wadda ta fara jin labarin daga bakina wata tsohuwa ce 'yar ƙasar Nowe mai shekara 85, muna zaune a ƙasa tsakanin gadonta da bango, a garin da rana ke ɓacewa wata biyu cur.

Sunan garin Kirkenes. Yana can ƙuryar arewa maso gabashin Nowe, a yankin Finnmark, ko rabin awa ba za ka yi a mota ba ka isa iyakar Rasha. Aure ne ya kawo ni. Maigidana ya yi karatu a Tromsø, ya samu aiki a nan, na biyo shi da ɗanmu a 2017. A gida ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, amma da na zo sai da na koma aji na koyi harshe tun daga baƙi da wasali, sannan na samu aiki a gidan kula da tsofaffi, galibi na dare. Daga wajen 21 ga Nuwamba zuwa 21 ga Janairu ba a ganin ƙwayar rana. Da tsakar rana sai wani haske shuɗi-shuɗi irin na bayan sallar asuba, kafin ka ankara ya janye. Ranar da na fara fita cikin sanyin digiri 25 ƙasa da sifiri, gashin hancina ya daskare, numfashina ya kwanta fari fat a bakin mayafina kamar an barbaɗa gari.

A nan babba da yaro da suna ake kiran kowa. Bakina ya kasa. Tsohuwar ta lura kullum ina kewaye-kewaye idan zan yi mata magana, ta tambaye ni dalili. Na ce a wurinmu ba a kama sunan sa'ar kakar mutum. Ta ce to in kira ta yadda muke kira. Tun daga ranar ta zama Kaka, ni kuma take ce mini "yarinyata". Gigin tsufa ya fara taɓa ta, takan manta ta ci abinci, amma abin da ya faru tana 'yar shekara goma sha ɗaya yana nan daram a kanta.

Daren shiga shekarar 2019 ni ce a bakin aiki. Ƙarfe goma sha biyu na bugawa gari ya ɗauka da tartsatsin wuta, kowane gida na harba nasa, ƙara ta ko'ina. Na san za a yi, an faɗa mini, amma jiki bai san wannan ba. Hantar cikina ta kaɗa, tiren magani ya fara rawa a hannuna. Na daure na bi ɗaki-ɗaki. Da na buɗe na Kaka ban gan ta a gado ba. Tana zaune a ƙasa, ta ɗora rigar sanyi a kan kayan barci, ta sa takalmi ƙafa ɗaya, ta rungume wani ɗan tsuntsun katako da ke zama a tagarta. Ta ce, "Yau ba su busa jiniya ba." Na durƙusa zan ɗaga ta, sai ta kama hannuna, ta ji yadda yake kyarma. Ta daɗe tana kallona, idonta tar, babu alamar gigi. Ta ce, "Yarinyata, ke ma kin san wannan ƙarar." Ba tambaya ta yi ba. Na zauna kusa da ita.

A daren da dararen da suka biyo baya ta ba ni labarinta gutsure-gutsure. Inda ta bar giɓi na cike da abin da na karanta, da abin da na gani a gidan tarihin garin, inda har yau jirgin yaƙin Rasha da aka tsamo daga wani tafki yake ajiye. Kafin nan abin da na sani game da yaƙin Hitila bai wuce labarin tsofaffin sojojinmu da aka kai Bama ba, daji da ruwan sama da sauro. Ban taɓa kawowa a raina cewa an yi irinsa a wurin da ko itacen hura wuta babu ba.

Jamusawa sun mamaye Nowe a 1940, suka cika Kirkenes da sojoji har suka ninka mutanen gari. Abin da suke hari shi ne Murmansk, tashar jiragen ruwa ta Tarayyar Sobiyet wadda ba ta daskarewa ko da sanyi ya kai maƙura, saboda wani ruwan ɗumi da ke gangarowa daga tekun Atlantika. Ranar 29 ga Yuni 1941 sojojin hawan dutse na Janar Eduard Dietl, da yawansu 'yan Ostiriya, suka tsallaka daga Petsamo, wadda a lokacin take hannun Finlan. Sun ɗauka tafiyar 'yan kwanaki ce. Ashe hanyoyin da suke zaton suna nan a taswira babu su a ƙasa, sai duwatsu da fadamu da tafkuna. Kowane harsashi da kowane burodi a bayan alfadari ko a bayan mutum ake kai shi. A bakin kogin Litsa Rashawa suka tare su. Suka yi ta gwadawa har watan Satumba, abu ya gagara, sanyi ya sauko musu. Nan aka kafe shekara uku, ba gaba ba baya.

Da rani na taɓa bin abokan aikina yawo a irin wannan ƙasa ta ɓangaren Nowe. Na caka sandata, ko taƙi ɗaya ba ta shiga ba ta daki dutse. A nan na gane abin da ake nufi da cewa soja ba ya iya haƙa ramin fakewa. Duwatsu suke jerawa kamar katangar gona su kwanta a bayansu, iska na yankar fuska, wata biyu cikin duhu. Man bindiga yakan daskare, ƙarfe yakan like a fatar hannu. Wanda aka harba da raunin da a wani wuri zai warke, a nan idan ya yi awa kaɗan a kwance sanyi ya ƙarasa shi. Ko a watan Mayun 1942, lokacin da ake ganin sanyi ya wuce, guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da wata rundunar Rasha a hanyarta ta zuwa fagen daga, ɗaruruwa suka mutu ba tare da an harba musu harsashi ko ɗaya ba. Abin da ya taimaki Rashawa shi ne makiyayan arewa, Sami da Komi da Nenets, da barewar ƙanƙara da suke kiwo. Dabbar tana tone abincinta da kofato daga ƙarƙashin dusa, tana jan keken sulu inda mota da doki suka gaza. Da ita aka kwashe raunanan sojoji sama da 10,000 daga fagen daga. Da na karanta haka sai na tuna Fulanin da suka nuna mana hanya a duwatsun iyakar Kamaru. Makiyayi ne ya san ƙasa.

Kaka ba ta san sunan janar ko ɗaya ba. Abin da ta sani shi ne sojojin da aka sauke a gidansu ba da son iyayenta ba, da yadda suke dawowa daga Litsa. Ta ce akwai wani yaro a cikinsu, gemu bai fito masa ba, wanda ya zauna a bakin murhunsu ya kasa cire takalmi. Mahaifiyarta ta yanka takalmin da wuƙa. Yatsun ƙafarsa sun yi baƙi ƙirin kamar gawayi. Uwar ta tsani kakin da ke jikinsa, amma ta ɗebo ruwa mai ɗan ɗumi ta sa masa ƙafar, tana yi tana zubar da hawaye. Ni da na yi aikin jinya na san ƙarshen irin wannan ƙafa, ban faɗa wa Kaka ba.

Tsuntsun katakon kuwa wani fursunan yaƙi ɗan Rasha ne ya sassaƙa. Jamusawa sun kawo fursunonin Sobiyet kusan 100,000 Nowe suna aikin hanya da gine-gine cikin tsumma da yunwa, sama da 13,000 suka mutu a nan. Yara kan ajiye musu guntun burodi ko dafaffen dankali a gindin dutse, washegari su tarar da abin wasa a wurin. Ta ce ba ta taɓa ganin fuskarsa da kyau ba, hannunsa kawai ta gani, a naɗe da tsumman buhu.

Mutanen Kirkenes kuma ta sama abin yake zuwar musu. Ingila da Amurka suna turo wa Rasha tankoki da jirage da abinci ta teku zuwa Murmansk da Arkhangelsk, cikin ruwan da idan mutum ya faɗa mintoci kaɗan suka rage masa. Daga filayen jirgin arewacin Nowe Jamusawa ke tashi su far wa ayarin. A watan Yulin 1942 ayari ɗaya mai suna PQ 17 ya rasa jiragen kaya 24 cikin 35. Don haka Rasha ta mai da Kirkenes abin hari, aka yi wa garin ruwan bama-bamai sama da sau 300. Kaka ta ce da takalmi suke kwana. Shekara saba'in da huɗu bayan haka, ga ta da takalmi ƙafa ɗaya.

A watan Satumban 1944 Finlan ta ajiye makami, ta juya wa Jamus baya. Ranar 7 ga Oktoba rundunar Rasha ƙarƙashin Janar Kirill Meretskov ta fasa layin Litsa, wasu sojojinta suka yanki daji da dawakai da barewa suka zagaye Jamusawa ta inda ba a zata ba. Petsamo da ma'adinanta na nikel suka faɗi, yaƙi ya doso Kirkenes. Jamusawa suka ce kowa ya tashi ya bi su yamma. Mutane suka ƙi. Sama da 3,000 suka shige wani dogon ramin haƙar tama a Bjørnevatn, kilomita kaɗan kudu da gari.

Nan ne Kaka ke daɗewa idan tana labari, ni ma nan nake son ta daɗe. Ta ce an kafa gadaje na katako hawa-hawa a jikin bango, kowane iyali da ɗan gurbinsa, bargo ne labule. Ruwa na ɗiga daga sama dare da rana, tufafi ba sa bushewa. An shigo da shanu da awaki, warin dabba da na fitila da na mutane ya gauraya. Ana ta raɗe-raɗin cewa Jamusawa za su tayar da bakin ramin da nakiya su binne kowa, manya na magana ƙasa-ƙasa don kada yara su ji, yaran kuwa sun ji. A cikin wannan rami aka haifi jarirai goma. Ɗaya daga cikin masu naƙudar maƙwabciyarsu ce, aka aiki Kaka ta riƙe fitila. Ta ce hannunta ya gaji, amma aka ce idan ta sauke ba za a ga komai ba, ta tallafe gwiwar hannun da ɗaya hannun har jaririn ya yi kuka. Ranar 25 ga Oktoba 1944 sojojin Rasha suka iso bakin ramin, mutane suka fito da tutar ƙasarsu da suka ɓoye shekara huɗu. Da suka koma gari, toka suka tarar da bututun hayaƙi tsaye-tsaye. Gidajen da suka tsira 'yan ƙalilan ne, nasu ba ya ciki.

Da ta kai wurin fitilar nan ne na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Na ce, "Kaka, ni ma na karɓi haihuwa a irin wannan hali, amma ba ni da mai riƙe mini fitila."

Ranar Laraba ce, 29 ga Oktoba 2014, 'yan tada ƙayar baya suka shigo Mubi. Shekara saba'in da kwana huɗu bayan fitar su Kaka daga rami. Maigidana yana Tromsø a lokacin. Na goya ɗana mai shekara biyu, na kama hannun Inna, muka bi ayarin mutane zuwa duwatsun iyakar Kamaru, ko tukunyar da ke kan wuta ban sauke ba. Dawa ta yi kai a gonaki, ta cikinta muke kutsawa, ɗanyar gyaɗa muke tona mu ci. A dare na biyu, a gindin wani dutse, na ji nishin da kunnena ya sani. Yarinya ce ƙarama, ba ta fi shekara goma sha bakwai ba, haihuwar fari, ta rabu da mijinta da danginta a wajen gudu. Maza suka ce kada wanda ya kunna tocila, haske zai tona mana asiri. Da lalube na yi komai. Wata mata ta ba ni sabuwar reza daga jakarta, na zare zare daga bakin ɗankwalina na ɗaure cibi. Mace ce, ƙarama ƙwarai, kukanta kamar na ɗan kyanwa. Na kwance zanen da ke ɗaure a kan siket ɗina na naɗe ta. Uwar na ta zubar da jini, na yi ta murza mata mara har ya lafa. Kafin gari ya waye aka ji harbi daga ƙasa, kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Inna ba ta iya sauri, ɗana na bayana. Na bar yarinyar nan da jaririyarta a hannun wasu mata biyu da ban san su ba, na tafi. Ko sunanta ban tambaya ba. Ta Garwa muka zagayo muka shiga Yola, na duba sansani biyu ban gan ta ba, daga nan na rufe maganar a cikina.

Kaka ba ta ce mini ba laifina ba ne, kamar yadda na san kowa zai faɗa. Tambayata ta yi, "Ta kama nono kafin ki tafi?" Na ce ta kama. Ta gyaɗa kai ta ce, "To ki neme su." Na ce shekara huɗu fa. Ta ce mijinta sai da ya shekara fiye da haka kafin ya gano inda aka binne ƙanwarsa.

Mijin nata, wanda ya riga ta rasuwa, mutumin yammacin Finnmark ne, kuma abin da ya same su ya fi na Kirkenes muni. Ranar 28 ga Oktoba 1944 Hitila ya ba da umarnin a kwashe mutanen Finnmark da arewacin Troms da ƙarfin tsiya, a ƙone komai, don kada Rashawa su sami rufin da za su fake. Sojojin Janar Lothar Rendulic suka bi ƙauye-ƙauye. Gidaje sama da 10,000 suka ci wuta, da makarantu da coci-coci da asibitoci, aka fasa kwale-kwale, aka karkashe dabbobi, aka sare turakun waya. A garin Hammerfest ɗakin addu'ar maƙabarta kaɗai ya rage. Kimanin mutum 50,000 aka tura kudu a cunkushe cikin jiragen ruwa, sama da 20,000 suka gudu suka ɓuya a koguna da bukkokin ƙasa da ƙarƙashin kifaffen kwale-kwale, ga duhun wata biyu na tunkaro su. A tsibirin Sørøya sai a watan Fabrairun 1945 jiragen yaƙin ƙawance suka zo suka kwashe mutum kusan 500 daga koguna. Rashawan da aka yi ƙone-ƙonen dominsu ba su ma bi sawun Jamusawa zuwa yamma ba, a gabashin yankin suka tsaya, kuma a watan Satumban 1945 suka koma ƙasarsu. Bayan yaƙi kotun Nuremberg ta ɗaure Rendulic kan laifukan da ya aikata a wasu ƙasashe, amma ta wanke shi daga ƙona Finnmark, wai a lokacin yana da dalilin zaton ana biye da shi. Wannan hukunci har yau bai kwanta mini ba. Wanda ya raba tsohuwa da jariri da rufin ɗaki a cikin wannan sanyi ya san abin da zai same su, ko da bai ɗaga bindiga ba.

A watan Oktoban 2019 aka yi bikin cika shekara 75 da 'yantar da garin, Sarki Harald na Nowe ya zo da kansa. Na tura Kaka a keken marasa lafiya, na lulluɓe ta da bargo biyu, muka tsaya can baya kusa da mutum-mutumin sojan Rasha. Ba ta saurari jawabi ko ɗaya ba. Tsuntsunta na cikin aljihu, tana shafa shi da babban yatsa. A hanyar komawa ta tambaye ni ko na sami labarin yarinyar. Ta manta sunan jikokinta a lokacin, amma wannan tambaya ba ta taɓa mantawa ba. Ta rasu a watan Janairun 2020, saura kwanaki kaɗan rana ta dawo. Ina bakin aiki a daren, ni na rufe mata ido.

Tun daga daren tartsatsin wutar nan nake nema. Na faɗa wa maigidana komai, ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ɗauki waya ya fara kiran 'yan uwansa. Inna ta bi gidajen suna da na biki a Mubi tana tambaya, na aika wa tsofaffin abokan aikina a Mubi da Yola da Maiha. Sau biyu ana haɗa ni da wata a waya, labarin ya yi kama, amma ɗaya namiji ta haifa, ɗayar kuma da rana. Idan jaririyar nan tana raye, yanzu ta kai shekarun da Kaka take da su ranar da ta riƙe fitila. Uwar doguwa ce siririya, tana jin Hausa da Fulatanci, tana da tsage biyu a gefen ido, na ji su da yatsana lokacin da nake share mata gumi. Zanen da na naɗe jaririyar atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye ruwan ɗorawa. Ɗankwalinsa yana nan a akwatina, da bakin da na zare zaren.